Daga "Reprint" Zuwa "Remix": Yadda Turanci Ke Raɗa Wa Kowane Gyara Suna

Duk uban da ya taɓa shiga kasuwa da jerin littattafan makaranta a farkon zango ya san wannan rikicin. Mai shago zai miƙo littattafai biyu, suna ɗaya, marubuci ɗaya, amma kuɗinsu ya sha bamban. Dalilin yana bayan shafin farko, cikin ƙananan rubutun da ba kasafai ake dubawa ba. In an rubuta "reprint", tsohon ne aka sake bugawa, sai dai ko ɗan kuskuren ɗab'i da aka share. In kuwa "revised edition" ne ko "second edition", to an shiga cikin littafin an yi aiki, an ƙara, an rage, an sauya tsari. Yaron da aka saya wa tsohon bugu, ranar da malam ya ce a buɗe shafi na 40, wani darasi daban zai tarar. Akwai kuma "abridged", littafin da aka taƙaita, irin wanda ake yi wa dogayen labaran Charles Dickens domin ɗalibai. Wanda ya karanta shi ya san labarin, amma bai karanta Dickens ba.

Sabon "edition" ba ƙaramin aiki ba ne. Babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford an kammala bugunsa na farko a 1928, na biyu bai fito ba sai 1989, cikin mujalladi 20.

Turanci na da tarin kalmomi irin waɗannan, kuma kowace tana faɗin wanda ya taɓa abin da kuma zurfin taɓawar. A harkar fim abin ya fi fitowa fili. Idan aka ɗauko labari daga littafi aka mai da shi fim ko wasan kwaikwayo, sunansa "adaptation". Chinua Achebe ya fitar da Things Fall Apart a 1958, gidan talabijin na NTA ya mai da shi shiri mai dogon zango a 1987, Pete Edochie ya fito a matsayin Okonkwo. Haka aka yi wa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Amma in fim ne aka sake ɗauka da sababbin 'yan wasa, "remake" ke nan. Masu kallon Indiya ba sa bukatar dogon bayani: fim ɗin Don na Amitabh Bachchan ya fito a 1978, na Shah Rukh Khan a 2006, kuma har yau ana musun wanda ya fi. Na 2011 da ya ɗora daga inda aka tsaya shi ne "sequel".

"Reboot" ya fi su duka ƙarfin hali, domin shi watsi yake yi da duk abin da ya gabata ya faro labarin daga tushe, kamar yadda Batman Begins ya yi a 2005. Shi kuwa "director's cut" yakan zo ne da ƙorafi a bayansa: darakta na cewa wanda aka nuna a silima ba haka ya so shi ba, masu kuɗi ne suka sa almakashi. Blade Runner na Ridley Scott ya fito a 1982, aka sake fitar da shi da wannan suna a 1992, sannan a 2007 aka yi wanda ya kira na ƙarshe.

A waya da kwamfuta ma haka ne. "Update" ɗan gyara ne da ke toshe ɓaraka a manhaja, "upgrade" kuwa hawa ne zuwa sabon mataki, irin tashi daga Windows 10 zuwa Windows 11 da aka fitar a 2021. Na biyun ne ke iya cewa kwamfutar mutum ta tsufa.

Lauyoyi su ne ba sa wasa da kalma. Amurka na kiran gyaran tsarin mulkinta "amendment", kuma ta yi guda 27. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuwa "alteration" yake cewa, da wannan suna aka yi gyaran 2018 da ya rage shekarun ɗan takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Idan kuma kotu ta fayyace manufar wani sashe ba tare da ta taɓa harafi ɗaya ba, wannan "interpretation" ne. Kalmar na da wata ma'ana ta biyu, wato fassarar baka, saɓanin "translation" da ake yi a rubuce. Daga danginta Hausa ta samo kalmar tafinta tun zamanin Turawa.

Inda kalmomin suka fi shafar aljihu shi ne waƙa. "Cover" shi ne wani mawaƙi ya rera waƙar wani. Mutane da yawa na ɗauka I Will Always Love You ta Whitney Houston ce, saboda yadda ta karaɗe duniya a 1992, alhali Dolly Parton ce ta rubuta ta, ta kuma fitar da ita a 1974, kuma kason marubuci aljihunta ya ci gaba da shiga. Abin takaici ne yadda ake yawan manta mai waƙa na asali a irin wannan hali, ko da doka ba ta manta da shi ba. "Remix" kuwa ainihin abin da aka naɗa ake ɗaukowa a sake cakuɗa shi, a sauya kiɗa ko a ƙara murya, kamar yadda Justin Bieber ya shiga Essence ta Wizkid da Tems a 2021. Wannan sana'a na da tushe a Jamaika, inda masu haɗa sauti irin su King Tubby suka riƙa zare muryar mawaƙi su bar ganga da bes a bayan faifai, ana kiran wannan ɓangare "version".

Ita "version" ita ce uwar ɗakinsu, kowane nau'i na iya shiga ƙarƙashinta, tun daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611 har zuwa bayanin da kowane ɓangare ke bayarwa a gaban alƙali. Taylor Swift ta mai da ita makami. Da aka sayar da kamfanin da ke riƙe da faya-fayenta shida na farko a 2019 ba da son ranta ba, sai ta koma situdiyo ta sake rera waƙoƙin, ta liƙa musu "Taylor's Version", ta fara da Fearless a 2021. Masoyanta suka koma sauraron sababbin, suna ƙaurace wa tsofaffin. Ta fitar da huɗu ta wannan hanya, a watan Mayun 2025 kuma ta sanar cewa ta saye na asalin gaba ɗaya.