Littafin gudummawa

Duk matar da ta taɓa aurar da 'ya a Bauchi, a Jahun ne ko a Yelwa, ta san ƙawar nan da ake zaunarwa a ƙuryar ɗaki da littafi da biro. Wance ta kawo turmin atamfa, wance dubu biyar, wance kwanon silba, duk sai an rubuta. Ranar da bikin wance ya tashi, littafin za a buɗe, a mayar mata da abin da ta kawo har da ɗoriya. Wadda kuma ta aiko da kaya ba ta tako ba, ita ma an lura da ita, don zumunci a ƙafa yake. Zaman ƙasashe bai wuce haka ba: diflomasiyya ce tattakin, taimakon ƙetare kuwa shi ne gudummawar.

Wajen tattaki, ɗan Bauchi ne ya buɗe wa Najeriya hanya. Ran 7 ga Oktoba 1960, kwana shida da samun 'yanci, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasarsa ta zama ta 99 a cikinta. Shekarar ba ta ƙare ba sai da sojojinmu suka sauka Kongo. A Janairun 1961 ya sallami jakadan Faransa saboda gwajin bam na nukiliya a hamadar Sahara, abin da ƙasar da ba ta cika wata huɗu ba ba a zaci za ta iya ba. Taron ƙasashen rainon Ingila kan rikicin Rodeshiya ya gama karɓa a Legas, cikin Janairun 1966, aka kashe shi.

Da kuɗin mai ya zo, sai hannu ya buɗe. Murtala ya ba gwamnatin MPLA ta Angola dala miliyan 20. A 1976 aka ajiye dala miliyan 80 a Bankin Raya Afirka don ranta wa ƙasashe marasa ƙarfi. Daga 1987 aka shiga tura likitoci da malamai zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, Najeriya na biyan su. Laberiya da Saliyo kuwa jini aka kai, ba kuɗi kaɗai ba. Ni a ganina duk wannan abin alfahari ne, sai dai mun yi ta kai gudummawa ba mu zaunar da mai littafi ba. Ƙasar da ta sa kuɗi da bakinta wajen yaƙar wariyar launin fata, ita ce a 2019 ta aika jirgin Air Peace ya kwaso 'ya'yanta daga Afirka ta Kudu bayan an ƙona musu shaguna.

Masu ba mu kuwa ba sa mantuwa. Hukumar USAID ta Amurka ta yi shekara da shekaru a asibitoci da makarantun firamaren jihar Bauchi. Shirin TSHIP na lafiyar mata da ƙananan yara daga 2009 zuwa 2015 nan da Sakkwato ya yi aiki. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin a rana ɗaya, tunda lissafin Amurka ya sauya. A Yulin shekarar, Yusuf Tuggar, wani ɗan jihar Bauchi da ke kujerar ministan harkokin waje a lokacin, ya ce Amurka na matsa wa ƙasashen Afirka su karɓi 'yan Venezuela da take kora, Najeriya kuma ba za ta karɓa ba.

Sau ɗaya da muka buɗe littafin da gaske, a bainar jama'a muka buɗe shi, kuma a fuskar 'yar uwa. Wutar lantarkin da Nijar ke samu daga gare mu tun asali ba sadaka ba ce, don kada ta datse Kogin Kwara kafin ya iso Kainji ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da shugaban Nijar Bazoum muka yanke ta, muka rufe iyaka. Yamai ta kwana a duhu, amma fataken Jibiya da Illela ma sun ji a jikinsu, albasa da tumatir suka ruɓe a motoci. A Maris 2024 muka mayar da wuta, muka buɗe iyaka, Bazoum bai koma kujerarsa ba, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.