Giyar Bordo: Daɗewa Na Ƙara Mata Daraja, Amma Kasuwa Ta Ja Baya

A lardin Bordo da ke kudu maso yammacin Faransa, manoma kan gauraya ruwan inabi iri biyu, watau Cabernet Sauvignon da Merlot, su yi jar giya, su adana ta cikin gangunan katako masu cin lita 225. Tana sabuwa bauri gare ta, sai ta shekara goma ko fiye a kwalba sa'an nan baurin ya kwanta. Faransawa kan sha ta da gasasshen naman rago ko cuku, domin maiƙo yana rage baurin.

To, amma mashaya sun ragu ƙwarai. A 2023 gwamnatin ƙasar ta shiga biyan manoma diyya domin su tumɓuke kurangar inabin da suka gada kaka da kakanni.