Barewa da Giwa: Yadda 'Yan Kallon Ƙwallo na Ƙasar Gobir Suke Karɓar Raini

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe suna bin makaɗa da maroƙa zuwa fagen dambe da na kokawa domin su taskace kirari da zambo, amma har yanzu ba su cika leƙa gidan kallon ƙwallo ba, alhali kuwa a nan ne matasan yau suka fi sakin baki. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi abin da mai goyon baya yake faɗi, da abin da yake ji a ransa, sa'ad da masu lissafi suka ce ƙungiyarsa ce ƙarama a wasan neman gurbi, watau irin wasan nan da ake yi gida da waje, wanda aka kayar ya naɗe tabarmarsa sai wata shekara. An zaɓi Sabon Birni da Isa a matsayin farfajiyar nazari, sa'an nan an ɗauki abin da ya sami ƙungiyar ƙasar Nijar daga 2010 zuwa 2013 a matsayin babban misali.

2.0 Dalilin Zaɓen Ƙasar Gobir

Tun da aka ci birnin Alƙalawa a 1808, wanda kufansa yake cikin ƙasar Sabon Birni, gidan sarautar Gobir ya watsu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Gobir Mayaƙi ya zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Sarkin Isa ma sarautar Sarkin Gobir yake riƙe da ita. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Nijeriya. Iyakar ba ta yanke auratayya da cin kasuwa ba, kuma mutumin Sabon Birni ya fi kusa da Maraɗi a kan Sakkwato.

Wannan ya sa ɗan kallo na wannan yanki yana da ƙungiyoyi biyu a zuciya. Ta farko ita ce ta ƙasarsa, Super Eagles, wadda ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka a 1980 da 1994 da 2013, kuma kusan duk wasan da za ta shiga a nahiyar ita ake ba rinjaye. Ta biyu ita ce ta dangin tsallake, Mena, wadda aka saba lissafa ta cikin 'yan rakiya. Ke nan Bagobirin bakin iyaka ya ɗanɗani yabo ya ɗanɗani raini, wani lokaci ma a yini guda, kamar yadda za a gani nan gaba.

3.0 Yadda Barewa ta Ka da Manya

Mena sunan wata barewa ce ta bakin hamada. Kafin 2012 Nijar ba ta taɓa zuwa gasar kofin Afirka ba. A wasannin share fagen gasar 2012 an haɗa ta rukuni ɗaya da Afirka ta Kudu da Saliyo da kuma Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. A watan Oktoba na 2010 Masar ta zo Yamai, aka ci ta ɗaya da nema ta ƙafar Musa Ma'azu. Mena ta cinye wasanninta uku na gida, aka kuma cinye ta a ukun da ta yi a waje.

Ranar 8 ga Oktoba, 2011, Masar ta ci Nijar uku ba ko ɗaya a Alƙahira, Afirka ta Kudu kuma ta tashi canjaras da Saliyo. 'Yan wasan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ya fisshe su. Ashe ƙa'idar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, sai a duba sakamakon wasannin da ƙasashen da suka yi kunnen doki suka yi a tsakaninsu. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowacce tana da maki 9, amma a tsakaninsu Nijar tana da 6, sauran biyun 5 kowacce. Murna ta koma ciki, Mena ta wuce. A wannan rana ce kuma Gini ta riƙe Nijeriya biyu da biyu a Abuja, ta hana ta zuwa gasar. A shekarar ne hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi mai horar da Mena, Haruna Dula, gwarzon masu horarwa na nahiyar.

Shekara na zagayowa aka zo neman gurbin gasar 2013, wanda aka yi ta hanyar wasa biyu, gida da waje. Ƙuri'a ta haɗa Nijar da wannan Ginin da ta fitar da Nijeriya. Gini tsohuwar hannu ce, ta zo ta biyu a gasar 1976, kuma kulob ɗinta na Hafia ya ɗauki kofin zakarun Afirka sau uku, a 1972 da 1975 da 1977. Laƙabin ƙungiyarta Sili, ma'anarsa giwa a harshen Susu. A Konakiri, cikin Satumba 2012, Gini ta ci ɗaya da nema. Ranar 14 ga Oktoba, a filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai, Nijar ta ci biyu ba ko ɗaya, barewa ta ka da giwa.

4.0 Kashe-kashen 'Yan Kallo

Wanda ya saba zama a gidajen kallo da teburan masu shayi na wannan yanki zai lura cewa da zarar rediyo ya faɗi wanda ake sa ran zai yi nasara, magoya bayan wadda aka raina sukan kasu gida huɗu. Kowane gida yana da irin karin maganar da yake jingina da ita.

4.1 Masu Sallamawa

Waɗannan su ne suke riga abokin hamayya faɗin raunin ƙungiyarsu. Za ka ji ɗayansu yana cewa wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, ko kuwa komai lalacewar giwa ta fi kwando goma, addu'arsa kurum kada a yi musu cin kaca. Wanda bai san su ba sai ya ɗauka sun fid da rai. Alhali kuwa su ne suke fara biyan kuɗin shiga gidan kallo. Sallamawar tasu garkuwa ce: idan an ci su, sun riga sun faɗa, mai ba'a bai sami abin kamawa ba, idan kuwa sun ci, daɗinsu ya ninka na kowa.

4.2 Masu Jin Zafin Raini

Waɗannan su ne suka fi yawa a ƙasar da ake yi wa kirari da gidan faɗa, ko hwaɗa a bakin masu ita. Ba su duba jerin 'yan wasa, abin da ya dame su shi ne wani ya zauna a birni mai nisa ya yanke musu hukunci tun ba a busa usur ba. A bakinsu ake jin "wa yac ce ba mu iyawa?" da "sai an gwada akan san na ƙwarai" da "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido" da "raina kama ka ga gayya". Abin lura a nan shi ne lamirin "mu". Mutumin da bai taɓa taka Yamai ba yana cewa "mun ka ci Masar", domin ya fassara rainin da aka yi wa ƙungiyar a matsayin rainin da aka saba yi wa ɗan ƙauye da ɗan bakin iyaka. Tarihin gidansu ma ya koya musu cewa yawan dawaki ba ya lamunce nasara, domin a Tabkin Kwatto a 1804 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ce ta fi yawa da kayan yaƙi, amma ba ita ta kwana da galaba ba.

4.3 Masu Dogaro da Rabo

Gida na uku ba sa musu da kowa. Su dai rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Babu abin da ya ƙarfafa hujjar waɗannan kamar ranar 8 ga Oktoba, 2011, da aka ci ƙungiya uku da nema ta wuce, wadda ba a ci ba ta zauna a gida. Sai dai mai nazari zai ga cewa abin da suka kira rabo ya zo ne ta hanyar wasanni uku da aka ci a Yamai da gumi, da kuma sakacin waɗanda ba su karanta ƙa'ida ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4.4 Masu Lissafi

Waɗannan ba su da yawa, galibinsu ɗalibai ne da malaman makaranta da masu naƙaltar rediyo. Su ne suke bayyana wa jama'a cewa ci ɗaya da nema a gidan wani ba mutuwa ba ce, tun da akwai wasa na biyu a gida, cikin zafin ranar da baƙo bai saba da shi ba, gaban dubban mutanen da suke bayanka. Karin maganarsu ita ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, da sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tsarin gida da waje shi ne ya ba su ƙafar tsayawa, domin a dogon zango mai ƙarfi yakan gyara kuskurensa, amma a wasa biyu tak kuskure ɗaya ya isa ya kifar da shi. A zagayen da Nijar ta fitar da Gini ne tsibiran Kef Bade suka fitar da Kamaru, wadda a lokacin ta ɗauki kofin sau huɗu.

5.0 Tushen Wannan Hali a Al'ada

Son ganin ƙarami ya ka da babba ya girmi ƙwallo a ƙasar Hausa. Yaro tun yana gaban kakarsa yake jin yadda Gizo ya ba giwa bakin igiya ya ba dorina ɗaya bakin, suka wuni suna ja, kowa yana zaton da Gizo yake yi. A fagen kokawa, wadda Nijar ta mayar gasar ƙasa tun 1975, shewar da ake yi idan ɗan siriri ya ɗaga ƙato ta fi ta kowane kaye. Ɗan kallon ƙwallo bai ƙirƙiro sabon harshe ba, ya kwaso na tatsuniya da na fage ne ya zuba wa baƙon wasa. Shi ya sa laƙabin barewa da giwa ya zauna daram a kunnensa, kamar dai an tsara wasan ne domin a yi masa tatsuniya.

6.0 Nauyin da ke Kan Wanda Aka Yaba

Domin a gane sauƙin da wanda aka raina yake ciki, ya kamata a dubi ɗaya gefen. A watan Maris na 2022 Nijeriya ta haɗu da Gana a wasan neman gurbin kofin duniya. Gana ce aka raina, domin wata biyu kafin nan tsibiran Komoros sun ci ta uku da biyu sun kore ta daga gasar Afirka. An tashi ba ci a Kumasi, aka yi ɗaya da ɗaya a Abuja ranar 29 ga wata, Gana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. 'Yan kallo suka afka cikin fili suka farfasa kayayyaki, har hukumar ƙwallon duniya ta ci Nijeriya tara, ta kuma yanke mata wasa ɗaya ba 'yan kallo. Haka kuma a Nuwamba 2025, a birnin Rabat, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta sake tare mata hanya a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Bambancin a fili yake. Mai goyon bayan babba ya karɓi nasara bashi tun kafin a buga, saboda haka idan ta kuɓuce sai ya ji kamar an yi masa fashi, kuma harshensa ba shi da tanadin karin maganar da za ta rarrashe shi. Mai goyon bayan ƙarami kuwa yana da maganar faɗi ko ta wace fuska aka tashi. Mena ta je gasar 2012 aka ci ta duk wasanninta uku, ta koma a 2013 ta samo maki ɗaya tak daga canjaras da Kwango, amma zuwan kansa ya ishi masoyanta abin tinƙaho.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ɗan kallo na Sabon Birni da Isa yake karɓar raini ta hanyoyi huɗu, da yadda kowace hanya take da tushe a cikin adabinsa. Amma akwai abin tsoro a cikin wannan sauƙi. Karin maganar da take rarrashi tana iya zama matashin kai. Daga gasar 2015 har zuwa ta 2025 Mena ba ta sake samun gurbi ba. A 2024 ma wasanninta na gida a Maroko da Togo ta yi su, saboda filin Yamai bai cika sharuɗɗan hukuma ba, watau ta rasa taron jama'ar da ya ka da Masar da Gini. Duk da haka ta ci Sudan huɗu da nema, ta bi Gana har Ankara ta ci ta biyu da ɗaya, maki ɗaya ya hana ta wucewa. Mai cewa rabo ne ya yi gaskiya, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gyaran fili da renon yara 'yan wasa aikin mutane ne.

Ga ɗalibai 'yan'uwana kuwa, kira shi ne mu ɗauki alƙalami da na'urar naɗar magana mu shiga gidajen kallo na garuruwanmu. Akwai kirari da habaici da zambo da sababbin kalmomi da ake haifarwa a can kowane mako, cikin Gobiranci da Katsinanci da Kananci, waɗanda suke bin iska da zarar an kashe janareta.