Ba Duk Wasan Shata Ne Ke YouTube Ba

Ana gyaran wani gida a bayan titin Court Road da ke Gyaɗi-Gyaɗi, aka fito da kayan sito tsakar gida. Cikin tarkacen akwai kwalayen taliya guda biyu maƙare da kaset-kaset na bidiyo, ƙura ta yi musu furu-furu. A bayan wani an rubuta da jan biro, "Shata, bikin Kawu." Babu shekara, babu sunan gari. Babban ɗan gidan ya leƙa kwalin ya ce, "Hajiya, waɗannan kam a bai wa 'yan jari-bola. Wa ke da bidiyo yanzu? Ai duk suna YouTube." Hajiya ta yi jim, ta ce, "Mahaifinku fa da kansa ya ɗauko mai kyamara." Ba ta ƙara ba. Kafin la'asar yaran layin sun fasa uku, sun zare zaren sun ɗaura a falwaya, yana ta ƙyalli a iska.

Irin wannan ta'asa ake tafkawa a gidaje da dama, daga Tarauni har Unguwa Uku, duk lokacin da za a yi fenti ko za a tashi daga gida. Kuma kusan kullum hujjar ɗaya ce: ai yana intanet. Maganar ta gunduri duk wanda ya san abin da ke cikin waɗannan kwalaye, domin ba gaskiya ba ce.

Abin da ake magana a kai shi ne wasan da makaɗi ya yi a gaban jama'a aka ɗauka da kyamara: biki, naɗin sarauta, ajo, kalankuwa, ko shirin da NTA ko CTV ta Kano, wadda aka buɗe a 1982, suka nuna wani ya ɗauka a gida. Turawa ma suna da irin nasu, na masu kiɗan jita mai ƙarar nan da ake ce wa rok, kuma suna tattalinsa kamar ƙwai.

Wanda ya ce wasan Shata yana YouTube, sai a tambaye shi: wanne? Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya rasu ranar 18 ga Yunin 1999 aka yi masa makwanci a Daura, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take. Waƙarsa ta Bakandamiya kaɗai an ɗauke ta sau da yawa, kuma kowace da abin da ya sa a cikinta ranar. Yakan dubi wanda ya shigo fage ya jefa shi cikin waƙa, ya yi wa wani zambo, ya tsaya ya bar kalangu ya yi magana, 'yan amshi suna jiran inda zai karya. Wasan da ya yi a bikin Kawu sau ɗaya ya yi shi a duniya. In mai kyamarar nan kaset ɗaya ya miƙa wa mai gida, kuma yana cikin waɗanda yara suka ɗaura a falwaya, to shi ke nan, babu na biyu, ko a Kano ko a Landan.

Sannan akwai abin da kunne ba zai ba mutum ba. A kaset na rediyo ana jin kuntigin Ɗan Maraya Jos, amma sai a bidiyo ake ganin ashe ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal, ga duk wannan zaƙi yana fita. A bidiyo ake ganin yadda matan Barmani Choge ke zaune gaban ƙore a kife suna saukar da sanduna lokaci guda, da yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata ya sauya masa murya. Ana ganin sanƙira yana kai da komo, ana ganin masu liƙi da irin kuɗin zamanin, da ɗaurin ɗankwalin da ake yayi, da fuskokin dattawan da yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya. Barmani ta rasu a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Musa Ɗanƙwairo tun 1991 ya tafi, lokacin kyamarar bidiyo ba ta gama yawa a hannun mutane ba, don haka duk minti guda na hotonsa mai motsi ba abin wasa ba ne.

Wasu kuma sukan ce, to ai gidan talabijin yana da shi. Allah Ya sa. Amma a duniya baki ɗaya gidajen talabijin sun daɗe da al'adar goge kaset su sake ɗauka a kansa, saboda tsadarsa. BBC da kanta ta yi haka da shirye-shirye masu yawa, ta dawo tana cigiya. A watan Oktoban 2013 aka ba da sanarwar gano kashi tara na shirinta Doctor Who, na shekarun 1967 da 1968, waɗanda aka fid da rai da su. A ina aka same su? A Jos, cikin wani ɗakin ajiya na tashar talabijin, inda wani Bature mai suna Philip Morris ya tarar da gwangwanayen fim ɗin a kan kanta. Abin da Ingila ta rasa, sito a Najeriya ne ya riƙe mata, don kawai ba a samu wanda ya kira 'yan jari-bola ba.

Ko wasan rok mafi shahara a tarihi da kyar ya sha. Ranar 13 ga Yulin 1985 aka yi Live Aid don tara wa Habasha kuɗin agajin yunwa, a filin Wembley na Landan gaban mutum kusan 72,000, da kuma Philadelphia a Amurka. A nan ne ƙungiyar Queen da Freddie Mercury suka yi wasan nan na minti ashirin da 'yan kai da har yau masu sha'awar rok ke maimaita kallo a ɗakunansu. Bob Geldof, wanda ya shirya taron, ya yi wa mawaƙan alkawarin sau ɗaya za a nuna, har tashar ABC ta Amurka ta goge nata kaset-kaset. Da aka zo fitar da shi a faifan DVD a 2004, abin da BBC da MTV suka adana ne ya yi rana. Wasan da duniya ta kalla ke nan. Ina ga bikin Kawu?

Intanet ɗin ma ba rumbun tsimi ba ne. A 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 wajen sauya na'urorin ajiya, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Shafin YouTube kuwa na wanda ya buɗe shi ne. A kai ƙararsa kan haƙƙin mallaka, ko ya ga dama ya goge, shi ke nan an tashi kasuwa.

Har wanda ke can ɗin, a dube shi da kyau. Da yawa daga kaset aka juya shi zuwa faifan CD irin wanda ya cika Ƙofar Wambai a da, mai ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye. Daga nan aka matse shi don ƙananan wayoyi, wani har 176 da 144. Aka tura ta Bluetooth, aka tura ta WhatsApp wanda shi ma yake ƙara matsewa, sannan wani ya manna lambar wayarsa a kan fuskar mawaƙin ya ɗora. Hoton ya koma dishi-dishi, baki na motsi murya na baya, an yanke gabatarwa an yanke ƙarshe. Wanda ya zubar da kaset na asali don wannan ya saki reshe ya kama ganye.

Ba a ce memorin waya ba shi da amfani ba. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar da yanzu ke zaga duniya, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, kuma ta memorin waya waƙoƙinsa suka ƙetare hamada har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinto su. Sai dai shi kansa ya sha wahalar gano masu waƙoƙin da ya tara, domin da yawa babu suna a jikinsu. Memori na yaɗawa ne, ajiya kuwa sai an yi da gaske.

Shi kuwa kaset na gida, tabbas akwai gara da ɓera da ambaliya da gobara, akwai kuma masu ƙonawa da sunan tuba. Amma sakaci ya fi su ɓarna.

To me za a yi da kwalin? Da farko a raba shi da ƙasa da kuma saman silin. Zaren kaset roba ce siririya da aka shafe da garin maganaɗisu, a kaset mai awa uku ya haura mita 250, kuma abokan gabarsa su ne zafi da laima da ƙura, wato bazara da damina da hunturun Kano ke nan, ba wanda ya rage. A sa kowanne cikin gidansa, a jera su a tsaye kamar littattafai, a durowar ɗakin da ya fi sanyi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. A duba bayan kaset ɗin, akwai wani ɗan harshe na roba. A ɓalle shi, don kada wani ya danna jan maɓalli ya ɗauki wani abu a kai.

Kada a yi garajen kunnawa. A leƙa ta gilashin kaset ɗin tukuna. In aka ga fari-fari kamar garin rogo a gefen zaren, hunhuna ce, kuma in aka saka shi haka zai ɓata kan na'urar ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Irin wannan sai a ware shi a leda a kai wa mai gyara. Wanda yake lafiya, a fara tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi farko, zaren ya saki jiki. Ita na'urar ma a gwada ta da wani tsohon fim ɗin Indiya da ba a jin asararsa, domin bel ɗin da ya shekara ashirin a kwance yana iya sa ta tauna zare. In zare ya tsinke, ban da salatif na shago, ban da jan farce. In kuma hoto ya fito baƙi da fari, kada a ce kaset ya mutu: wanda aka ɗauko daga Maraɗi ko Damagaram tsarin talabijin ɗin Nijar daban yake da na Najeriya, na Amurka ma daban, sai na'ura mai karɓar tsari da yawa.

Lokaci ba ya jira a nan. Kamfanin JVC ya fito da VHS a 1976, kamfanin Funai na Japan kuma, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar, ya daina a Yulin 2016. Duk wadda ke aiki yau tsohuwa ce, kayan gyaranta kuma sai a jikin 'yar'uwarta da ta mutu. Wanda ke da mai lafiya ya riƙe ta hannu bibbiyu.

Juyawa zuwa kwamfuta ba wani tashin hankali ba ne. Akwai 'yar na'ura mai kama da filashi da ke haɗa bidiyo da kwamfuta, kuma tsakanin masu tace fim na titin Zoo Road da matasan kasuwar waya ta Farm Centre ba za a rasa wanda ya iya ba. Abin lura, kaset mai awa uku awa uku yake ci, babu gajeriyar hanya. A ce wa mai aikin a fili: ba a son yanka, ba a son tambari, ba a son a ɗora wani kiɗa, ba a son matsewa. In ya kawo awa uku a megabayit ɗari biyu, aikin bai yi ba. A nemi babban kwafi na ajiya, sannan ƙarami na waya. Gara a kai kaset biyu-biyu ana karɓa, da a jibge masa kwali guda a tafi. Kuma a karɓo na asalin a mayar durowa. An juya ba ya nufin a yar.

Kwafi ɗaya ba ajiya ba ne. A yi uku: ɗaya a babban ma'ajin kwamfuta, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa, ɗaya a intanet. A guji filashin arha mai rubutun girman ƙarya, a guji dogaro da faifan da aka ƙona a shago, don rana da ƙarzuwa na cinye shi. In za a tura ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin bidiyo ba. Wanda ya ga abin da ke hannunsa ya wuce na gida, sai ya tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, ko masu nazarin waƙa a Jami'ar Bayero, ko Arewa House a Kaduna, ya ba su kwafi.

Kafin a ɗora wa duniya kuwa, a tuna akwai haƙƙi biyu. Mawaƙin ya bar iyali, ba daidai ba ne wani ya riƙa cin kuɗi da gumin ubansu ko sallama babu. Kaset ɗin biki kuma cike yake da matan mutane suna rawa a cikin gida, wasu yanzu kakanni ne, wasu sun rasu. Amana ce. A nemi izini, ko a fitar da ɓangaren makaɗin kawai.

Aikin da ya fi gaggawa ba ya buƙatar ko sisi. A zaunar da Hajiya gaban hoton da biro da takarda, a bi shi sannu a hankali: wane Kawun ne, a wane gari, wace shekara, kafin rasuwar wane ko bayanta, wane ne mai babbar rigar da ke liƙi, wace ce ta tashi ta rangaɗa guɗa. A rubuta a jikin kaset, a rubuta a sunan fayil, a kuma ɗauki muryarta a waya tana bayanin.