Ciwon da Gwajin Korona Bai Nuna Ba

Duk wanda ya taɓa jiran layi a ƙaramin asibitin gari a Jihar Kebbi, a Wara ne ko Shanga ko Yelwa, ya san irin wannan ƙorafi. Magidanci ya shigo, ya ɗosana a bakin benci, hularsa a hannu. Ba zazzaɓi, ba tari. Ya ce kansa ne ke ɗaukar zafi, barci ya ƙaurace masa, gabansa sai faɗuwa yake yi alhali bai ga komai ba. A ɗebi jini, a duba maleriya, a duba taifot, a rubuta masa maganin ciwon jiki, ya kama hanya. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo da maganar da ya zo da ita tun farko.

Mutanen gari sukan ce tunani ne ya yi masa yawa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna da sunaye biyu da suka fi ba irin wannan hali: ciwon damuwa da ciwon fargaba. Na farko yana kashe wa mutum jiki, ya cire masa sha'awar komai. Na biyu yana sa shi zaman ɗar-ɗar ba dare ba rana. Tun kafin korona ana fama da su, amma annobar ce ta sa masu bincike a duniya suka duƙufa a kansu fiye da kowane lokaci a baya.

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Kano ta samu nata a ranar 11 ga Afrilu, Kebbi kuma a ƙarshen wannan watan. Adadin waɗanda gwaji ya nuna sun kamu a Kebbi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na Legas ko Kano, shi ya sa da yawa suka riƙa kiranta cutar manya. Sai dai dokokin da ta jawo ba su bar kowa ba. An rufe makarantu. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli. An kwashi almajirai a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu. Maniyyatan da suka yi shekaru suna tara kuɗin kujera suka ji cewa bana ba Hajji.

Ga mutumin bakin Tafkin Kainji, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙaramar hukumar Ngaski, inda Wara take, tana maƙwabtaka da Jihar Neja, ruwan nan kuma shi ne titin jama'a. Masunci ya kwana yana jan taru, matarsa ta wuni a gaban murhun banda, idanunta na hawaye saboda hayaƙi, dukansu suna jiran fataken da za su loda kwandunan zuwa Kudu. A takarda kayan abinci ba sa cikin haramcin, amma shingayen hanya sun yi yawa, kuɗin mota ya hau, mai saye ya ja baya. Banda ba ta jira, albasar Yauri ma haka. Idan kaya suka lalace a hannu, bashin da aka ci don sayen koma ko man inji yana nan daram.

Abin mamaki, masana sun hango wannan tun kafin a kulle ko gari ɗaya a Afirka. A watan Fabrairu na 2020 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani nazari da Samantha Brooks da abokan aikinta na King's College da ke Landan suka yi. Sun tattaro bincike 24 da aka gudanar a lokutan annobar baya, irin su SARS da Ebola, don su ga abin da killacewa ke yi wa zuciyar mutum. Abubuwan da suka lissafa kamar a kasuwar Wara aka tsinto su: tsawaitar kulle, tsoron kamuwa, ƙarancin abinci, rashin sahihin bayani, asarar dukiya, da ƙyamar da ake nuna wa wanda aka killace. Shawararsu ita ce kada kulle ya wuce yadda ake buƙata, a gaya wa mutane dalili, kuma a wadata su da abin da za su ci.

Na ƙarshen nan ne ya gagara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da Bankin Duniya sun riƙa buga wa magidanta 1,950 waya a faɗin Najeriya. A zagayen farko, tsakanin Afrilu da Mayu 2020, kashi 42 cikin 100 na waɗanda ke aiki kafin annoba sun ce aikin ya tsaya, gidaje kashi 79 kuma sun ce samunsu ya ragu. Duk wannan a cikin azumi, domin watan Ramadan na wannan shekara ya kama ne a ranar 24 ga Afrilu.

Sai kuma tsoro. A daidai lokacin ne labarin yawan mace-mace a Kano ya karaɗe Arewa ta rediyo da WhatsApp. Daga baya Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas, kuma kashi 50 zuwa 60 na iya zama da alaƙa da korona. Bahaushe yana da maganin baƙin ciki da ya gada: a yi musabaha, a zauna zaman makoki, maƙwabta su kawo kwanon abinci, a haɗu a sahu. Annoba ta zo ta ce waɗannan ɗin su ne haɗarin. A jihohi da dama an dakatar da tafsiri da jam'in tarawihi. Wato an ƙara wa mutum kaya, an kuma janye wanda zai kama masa.

Da ƙura ta fara lafawa aka shiga lissafi. A watan Oktoba na 2021 wata tawaga ƙarƙashin Damian Santomauro na Ostareliya ta yi ƙiyasi a kan ƙasashe da yankuna 204, ta ce a 2020 kaɗai an samu ƙarin mutum miliyan 53 masu tsananin damuwa da miliyan 76 masu ciwon fargaba. Mata da matasa ne abin ya fi shafa. A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita batun da cewa cututtukan biyu sun ƙaru da kashi 25 a shekarar farko. Ita kanta cutar tana barin tabo. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun bi bayanan asibiti na mutum 236,379 da suka kamu, akasarinsu a Amurka, suka ga kusan ɗaya cikin uku an same shi da matsalar ƙwaƙwalwa ko ta jijiyoyi cikin wata shida. Masu jinyar ma ba su tsira ba: a Sin, cikin ma'aikatan lafiya 1,257 da aka tambaya a asibitoci 34, rabi sun nuna alamun damuwa, ɗaya cikin uku ba ya samun barci.

Amma bakin masana bai zo ɗaya ba. A Maris 2023 mujallar BMJ ta fitar da wani nazari na ƙungiyar Brett Thombs ta Jami'ar McGill a Kanada, wanda ya haɗa bincike 137 da suka auna mutane iri ɗaya kafin annoba da kuma cikinta. Sakamakon ya ba mutane mamaki: a jimlace canjin kaɗan ne, sai dai ɗan ƙarin da aka gani a wajen mata. Wani binciken na ƙasashe 21 kuma ya nuna cewa kisan kai bai ƙaru ba a watannin farko, saɓanin yadda aka yi ta tsoro.

To wa za a gaskata? Amsar tana cikin tambayar wa aka auna. Mafi yawan waɗannan bayanai daga ƙasashe masu arziki suka fito, inda gwamnati ta riƙa biyan wanda ya zauna a gida wani kaso na albashinsa. Yawancinsu kuma ta intanet aka tattara su, da takardun tambayoyi irin su PHQ-9, mai tambaya tara a kan mako biyun da suka wuce: ko mutum ya daina jin daɗin abubuwa, ko barcinsa ya lalace, ko yana jin bai da amfani. Mai cike irin wannan takarda sai yana da babbar waya, da data, da karatun boko. Basarken da ke kwana a kwale-kwale, ko Bagungiyar da ke tallar kifi, ko Bakambaren da ke noma a tudu, da wuya saƙon ya iso gare su. Ko da ya iso, ba lallai su kira abin da ke damunsu da sunan da takardar ta ba shi ba. Su kai suke cewa, da ƙirji, da mutuwar jiki.

Inda aka bi mutane gida-gida a Afirka ta Yamma, hoton ya bambanta. A Saliyo, a watan Yuli na 2015, Ebola na gab da ƙarewa, an zauna da mutum 3,564. Kusan rabinsu suna da wata alama ta damuwa ko fargaba, kashi 76 kuma suna da aƙalla alama ɗaya ta firgicin da ke biyo bayan masifa. Waɗanda suka san wani da aka killace saboda cutar su suka fi jin jiki.

A ƙasar Yauri kuma korona ba ita kaɗai ta zo ba. Ana fita kulle, ambaliyar Satumba 2020 ta shanye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a Kebbi. A ranar 26 ga Mayu, 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum sama da 150 ya kife a kusa da Wara, kimanin 20 kawai aka ceto da rai. Mako uku bayan haka, a ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, kuma 'yan matan ƙarshe ba su dawo hannun iyayensu ba sai 2023. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe da sani shi ne, masifa a kan masifa ta fi guda ɗaya illa nesa ba kusa ba, domin tana samun mutum ne bai gama miƙewa ba. Tsofaffin yankin da aka tasa daga gungu da ƙauyukansu lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968 sun san ɗacin rabuwa da abin da aka saba da shi.

Wa zai duba su? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200. Daga Ngaski zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato tafiyar sa'o'i ce masu yawa, ga kuɗin mota, ga kunyar a ce wane ya taɓu. Don haka ga mutane da yawa ƙofar farko da akan ƙwanƙwasa ita ce ta malam ko mai magani. Wani bincike da likitoci suka yi a ƙauyen Karfi na Jihar Kano, aka buga a 2004, ya tambayi manya 250: kashi 46 sun zaɓi asibiti, kashi 34 sun fi yarda da addu'a da ruƙiyya.

Masana na gida sun daina kallon malam da mai magani a matsayin kishiyar asibiti. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, tare da danginsu. A 2020, ana tsakiyar annoba, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya buga sakamakon gwajin da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda masu maganin gargajiya da na addu'a suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Masu taɓin hankalin da aka kula da su ta wannan hanya sun fi samun sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsarin mhGAP tun 2008, wanda ke koya wa nas da ma'aikacin lafiyar karkara yadda za su gane damuwa su kuma yi maganinta. A Janairu 2023 aka bayyana sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

A aikace, abin da horon ke canzawa ɗan kaɗan ne a ido. Magidancin nan ya dawo karo na uku da zafin kai, sai ma'aikacin ya ajiye biro, ya ja benci kusa. "Baba, yaushe rabonka da barci mai daɗi? Kana fita su kuwa? Wa ka rasa a shekarun nan?" Idan amsar ta nuna an haura mako biyu ba ci, ba barci, ba sha'awar aiki, akwai magani da zaman tattaunawa da ake iya farawa a nan take. Idan kuwa ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, ba a barinsa ya koma gida shi kaɗai: a kira ɗan'uwansa daga bakin ruwa, a rubuta takardar tura shi babban asibiti a ranar.