Man Shanu da Kokwamba a Kan Sikeli Ɗaya: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

A auno giram 100 na man shanu, a auno giram 100 na kokwamba. Nauyinsu ɗaya, amma man shanu na ɗauke da kalori 717, kokwamba kuwa 15 kacal, bisa ƙididdigar Ma'aikatar Gona ta Amurka da masana abinci ke yawan dogaro da ita. Kafin mutum ya samu ƙarfin da ke cikin wannan ɗan curin mai, sai ya cinye kokwamba kusan kilo 5. Babban cokali ɗaya na man shanu, irin wanda uwargida ke malalawa a kan miyar kuka, ya kai kalori 100, daidai da manyan kokwamba biyu.

Ruwa ne ya raba su. Kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne. Ta fi kankana ruwa, har ma ta fi madarar da aka tatso yanzu, wadda ruwanta bai wuce kashi 88 ba. Man shanu kuma kashi 81 cikin 100 maiƙo ne zalla, kuma kowane giram na maiƙo kalori 9 yake bayarwa, fiye da ninkin abin da sitaci ko sukari ke bayarwa.

Ga wanda ya fi ɗaure mini kai. Da yawa na zaton tunda daga nono man shanu ya fito, dole yana gina jiki. Furotin ɗin da ke cikin giram 100 nasa bai kai giram ɗaya ba, kuma da kaɗan ya ɗara na kokwamba: 0.85 da 0.65. Ina sauran ya tafi? Idan Bafulatana ta kaɗa nono a gora ta kwashe man da ya taso, furotin da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi a cikin tsala suke zama. Tsalar nan da ake gani ba ta kai kindirmo daraja ba, ita ta riƙe abin da yaro mai tasowa ke buƙata don tsoka da ƙashi. Wannan ya kamata kowace uwa ta sani. Kuma aikin ba ƙarami ba ne, domin da madarar shanun Turawa sai an kaɗa sama da lita 20 kafin a samu kilo ɗaya na mai.

A fagen bitamin A, mai kula da gani da garkuwar jiki, kokwamba ba ta ko kusa. Man shanu na da maikirogiram 684 a giram 100, ita kuwa 5. Launin rawayar man ma daga nan ya samo asali: sinadarin karotin da ke cikin ɗanyar ciyawa ne ke bin maiƙon madara, shi ya sa man damina ya fi na rani rawaya. Akuya da ɓaunar Indiya jikinsu na sarrafa karotin ɗin tun kafin ya isa madara, don haka man da ake samu daga gare su fari ne fat.

A bitamin K, mai taimakon jini ya daskare idan an ji rauni, kokwamba ce a gaba: maikirogiram 16 da 7 na man shanu. Sai dai fiye da rabinsa a ɓawo yake. Da zarar an feraye ta, sai ta sauko 7, kunnen doki da man shanu. Wanke ta sosai da ruwa mai tsabta a ci da ɓawon ya fi.

Bitamin A, D, E da K duka ba sa shiga jiki yadda ya kamata sai da rakiyar maiƙo. Ke nan mai cin ganye da kayan lambu gaya, babu ɗigon mai, yana asarar wani kaso na amfaninsu. Masu barbaɗa garin ƙuli-ƙuli a kan yankakken gurji sun dace da ilimin abinci tun kafin a rubuta shi.

Gurji ɗan uwan kokwamba ne, amma ba ita ba ce. Danginsu babba ne: kabewa, kankana, agushi, soso, da duma. Ashe ƙwaryar da ake ɗauko man shanu a ciki zuwa kasuwa 'yar dangin kokwamba ce.

A Indiya aka fara noman kokwamba, sama da shekara 3,000 da suka wuce. Yau ƙasar Sin ce ke noma kusan kashi 80 cikin 100 na wadda duniya ke ci, Indiya kuma ita ce kan gaba wajen samar da man shanu, galibi soyayye. Soya shi na ƙone ruwan ya raba shi da guntun madarar da ke sa shi saurin lalacewa, dabarar da matanmu suka daɗe da sani. Sai dai soyayyen ya fi ɗanye nauyi a jiki, don kalorinsa ya doshi 900 a giram 100. Ɗanyen kuma yana narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 32 zuwa 35, abin da ke sa shi narkewa a kan harshe.

Masu fama da kumburin ciki idan sun sha madara, yawancinsu man shanu ba ya damunsu, saboda sukarin madara kaɗan ne ƙwarai a cikinsa.

Littattafan hadisi sun ambaci abubuwan biyu, kuma kowanne tare da dabino. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ci ɗanyen dabino haɗe da wani nau'in kokwamba na ƙasar Larabawa, Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa yana son man shanu da dabino.

Marubucin nan na Rumawa, Pliny, ya ce Sarki Tiberius ba ya kwana bai ci kokwamba ba. Don kada ta yanke da sanyi, masu lambunsa suka riƙa shuka ta a akwatuna masu ƙafafun gungurawa, su tura su rana da safe, su mayar da su cikin rumfa idan sanyi ya sauko. A ƙasar Ayalan kuwa, a da can, man shanu aka riƙa binnewa a fadama mai sanyi da tsami. A 2016 an tono wani dunƙule mai nauyin kilo 10 a gundumar Meath, aka ƙiyasta ya shekara 2,000 a ƙasa, kuma har lokacin ana gane mai ne.

Ɗacin da akan ci karo da shi a kokwamba wani sinadari ne da shukar ke kare kanta da shi daga dabbobi. Ya fi taruwa ta wajen gindin da ke manne da reshe, kuma yana ƙaruwa idan shukar ta sha ƙishi ko zafin rana.

Botar da mai shayi ke shafa wa burodi, mafi yawanta ba ta taɓa ganin saniya ba. Majarin ce, daga man tsirrai. Wani Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, ya ƙirƙiro ta a 1869 da kitsen shanu, bayan Sarki Napoleon na Uku ya sa gasar nemo abin da zai maye gurbin man shanu da araha ga sojoji da talakawa. Makiyayan Amurka suka yaƙe ta iya ƙarfinsu. Wasu jihohi sun wajabta a rina ta ruwan hoda don mai saye ya ƙyamace ta, jihar Wisconsin kuma ba ta halatta sayar da mai launin rawaya ba sai 1967.

Kokwamba ma ta taɓa shan zargi. A 2011 wata cutar gudawa mai tsanani ta ɓarke a Jamus, ta kashe sama da mutum 50. Hukumomi suka fara ɗora laifin a kan kokwambar Sifaniya, manoma suka zubar da amfanin gona mai ɗimbin yawa, daga baya bincike ya gano tsiron hulba ne. A ƙarshen wannan shekarar kuma man shanu ya yanke a shagunan Norway, har aka kama masu fasa-ƙwaurinsa a kan iyaka.

To wanne ya fi? A ganina amsar na hannun mai ci. Rabin nauyin man shanu maiƙo ne mai daskarewa, wanda yawansa ke ɗaga kolestarol a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irinsa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, kuma cokali uku kawai sun kusa cika wannan ma'auni ga babban mutum. Magidancin da ke yini a kujerar ofis da hawan jini, kokwamba ce abokiyarsa, muddin ba wadda aka jiƙa a ruwan gishiri ba ce, don waccan ta fi man shanu mai gishiri yawan gishiri. Amma yaro ɗan shekara ɗaya da ya rame, cikinsa ɗan ƙarami ne, kuma abinci mai yawan ruwa zai cika shi bai ba shi ƙarfi ba. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ce wa iyaye mata su zuba ɗan cokalin mai, na shanu ko na gyaɗa, a cikin kunun yaye.

A Ingila abubuwan biyu faranti ɗaya suke hawa. Tun zamanin Sarauniya Victoria masu hali ke shan shayin la'asar da burodi mai ɗauke da siraran yankan kokwamba. Ana fara shafa man shanu a fuskar burodin ne don ya tare ruwan kokwambar, kada burodin ya jiƙe kafin baƙi su zauna.