Shekara nawa injin wanke kwanuka ke yi, kuma me ke kashe shi?

A ƙasashen Turai da Amurka, inda injin wanke kwanuka ya zama ruwan dare a gidaje, ana ƙiyasta cewa yakan yi kimanin shekara 10 yana aiki.

Sai dai wannan ƙiyasi ne na tsaka-tsaki. Wani injin kan gaza cikin shekara biyar, wani kuma ya haura shekara 15 bai nemi wani babban gyara ba.

Ingancin ƙira na da tasiri, amma galibi abin da ke raba su shi ne irin ruwan da ke shiga injin, da dattin da ake bari ya taru a cikinsa, da kuma wutar lantarkin da yake samu.

Da yawa daga cikin injinan da ake jefarwa a bola toshewa kawai suka yi, ko kuma wani ƙaramin sashe ne ya lalace, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Asalinsa

Wata Ba'amurkiya ce mai suna Josephine Cochrane, daga jihar Ilinoi, ta ƙera injin farko da ya karɓu a kasuwa. Ta samu takardar mallakar fasaharsa a watan Disamba na 1886.

An ce abin da ya tunzura ta shi ne yadda masu aikin gidanta ke ɓantare mata tangaran na gado wajen wanki.

Dabararta ita ce a jera kwanukan cikin ragar waya, a bar ƙarfin feshin ruwa ya wanke su, maimakon a goge su da buroshi. Ta nuna injin a babban baje kolin duniya na Shikago a 1893, kuma otel-otel da gidajen abinci ne suka fara saye.

A Turai, kamfanin Miele na Jamus ya fitar da mai aiki da lantarki a 1929. Amma sai daga shekarun 1970 ne injin ya yaɗu sosai a gidajen jama'a.

Yadda yake aiki

Har yanzu dabarar Cochrane ce ke aiki. Injin ba ya cika da ruwa kamar baho. Ruwa kaɗan yake ja, ya taru a ƙasansa, hita ta ɗumama shi, sannan famfo ya tura shi cikin wasu farfeloli masu ƙananan huji da ke juyawa suna feshi.

Ruwan kan gangaro, ya bi ta matata, a sake tura shi sama. Haka zai yi ta zagayawa har lokacin da wani famfon na biyu zai fitar da shi.

Wannan ne ya sa injinan zamani ke cin ruwa kimanin lita 10 kacal a wanki guda. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Bon ta Jamus a farkon shekarun 2000, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Rainer Stamminger, ya gano cewa masu wankin hannu kan kashe fiye da lita 100 a matsakaici kan kwanukan da za su cika injin guda.

To amma tsimin ruwan na da nasa sharaɗi. Tun da ruwa ɗaya ne ke kai da komo, duk abin da ya tare masa hanya zai shafi aikin gaba ɗaya.

Matata da farfela

Matatar tana ƙasan injin, kuma a yawancin samfura murɗa ta ake yi da hannu a ciro. Nan ne ƙwayar shinkafa, da ƙashin kifi, da ɓawon ƙwai, da takardar da ake mannawa a jikin kwalba ke maƙalewa.

Idan ana amfani da injin kullum, ya kamata a ciro ta a wanke da ruwan ɗumi da tsohon buroshi sau ɗaya a mako. Aikin bai fi minti biyar ba.

Idan aka bar ta, ƙarfin feshi zai ragu, injin ya fara wari, famfon kuma ya riƙa wahala har ya ƙone.

Su ma farfelolin ana ciro su lokaci-lokaci a duba hujinsu. Tsinken sakace ya isa a fitar da abin da ya toshe su.

Kamfanonin ƙera injinan kan ba da shawarar a kankare ragowar abinci a zuba a shara, ba sai an ɗauraye kwanon a famfo ba. Sabulun injin na ɗauke da sinadaran da ke narkar da sitaci da maiƙo, kuma injina da dama na da na'urar da ke auna dattin ruwa don ta daidaita tsawon wankin.

Sai dai busasshen tuwo da ƙanzon tukunya na buƙatar jiƙo tukuna, kamar yadda ake yi a wankin hannu.

Ruwa mai alli

Babban abokin gaban injin da ido ba ya gani shi ne ruwa mai yawan sinadaran kalsiyam da magnesiyam. Idan aka dafa irin wannan ruwa yakan bar farin ɓawo, irin wanda ake gani a cikin butar dafa shayi.

Ɓawon kan lulluɓe hita, sai ta riƙa cin wuta da yawa kafin ta ɗumama ruwa, daga bisani ta ƙone. Yakan kuma ƙuntata hujin farfela da bututu.

Matsalar ta danganta da ƙasar da ruwan ya ratso. A Landan da kudu maso gabashin Ingila, inda ƙarƙashin ƙasa alli ne, ruwan na da wannan sinadari sosai, alhali a yawancin Sikotlan ba shi da yawa.

Saboda haka ne injinan Turai ke zuwa da wani sashe mai tace sinadarin, wanda ke buƙatar gishiri na musamman don ya ci gaba da aiki. Gishirin miya bai dace ba, domin ya yi laushi da yawa, kuma akan gauraya shi da wasu abubuwa da ke toshe sashen.

Ban da gishiri, yana da kyau sau ɗaya a wata a kunna injin ba kwano a ciki, a kan wanki mafi zafi, wato digiri 65 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyos, tare da sinadarin wanke inji.

Dalili shi ne, tsarin tsimin wuta da mutane suka fi amfani da shi yana wanki ne a kimanin digiri 50, kuma maiƙo kan daskare a bututu sannu a hankali.

Alamomin matsala

Idan aka tarar da ruwa kwance a ƙasan injin bayan ya gama, a fara duba matata, sannan tiyon fitar da ruwa, ko ya lanƙwashe ko ya toshe. Wani lokaci fasasshen gilashi ne ya tokare famfon. A cire injin daga soket kafin a sa hannu, kuma a yi hattara da yanka.

Idan kwanuka na fitowa da datti, a juya farfela da hannu a ga ko wani dogon faranti ko mariƙin tukunya ya tare ta. Cunkoso ma kan hana ruwa isa ko'ina.

Idan ruwa na tsiyaya ta bakin ƙofa, mai yiwuwa robar da ke zagaye da ƙofar ta yi datti ko ta tsage. Amma sau da yawa sabulu ne sanadi: ruwan sabulun wankin hannu ko omo kan tayar da kumfa mai yawa har ta malalo waje. Sabulun da aka yi domin injin kawai ake sa masa.

Idan kofunan gilashi sun yi hazo, a goga musu ruwan khal. In hazon ya fita, alli ne, sai a duba gishiri. In bai fita ba, gilashin ne ya zaizaye saboda yawan sabulu ko zafi, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Idan kwanuka ba sa bushewa, a duba ruwan ɗauraya na musamman da ake zubawa a ƙofar. Kwanon roba dai da ma ba ya bushewa sosai, domin ba ya riƙe zafi. Amma in ruwan wankin ne ba ya ɗumi sam, to hita ce, kuma wannan aikin mai gyara ne.

Sababbin injina kan nuna lamba idan sun samu matsala. A samfuran Bosch da Siemens, alal misali, E24 na nufin ruwa ba ya fita, E15 kuma na nufin ruwa ya zuba a farantin ƙasan injin, har na'urar kariya ta dakatar da aiki. Kowane kamfani da nasa lambobin, kuma suna cikin littafin bayanin injin.

Wuta da ruwa a Najeriya da Nijar

Injinan da ke shiga kasuwannin Afirka ta Yamma, sababbi da na hannu, an ƙera su ne bisa zaton akwai tsayayyiyar wuta da ruwan famfo mai ƙarfi.

Hitar injin irin na Turai kan ja kusan wat 2,000, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin janareta. Hawa da saukar wuta kuma kan ƙona allon lantarkin da ke sarrafa injin, wanda yana cikin sassa mafi tsada. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace na rage wannan haɗari.

Mai sayen na hannu ya karanta takardar da ke manne a gefen ƙofa. Injinan Amurka na aiki ne da bolt 120, alhali wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240.

Ga mai amfani da tanki, yawancin injinan Turai na buƙatar ruwa mai ƙarfin da ya yi daidai da gangarowa daga tsayin mita biyar. Idan tankin bai kai haka ba, injin zai daɗe yana jan ruwa ko ya tsaya. Ruwan rijiyar burtsatse mai yashi kuma na buƙatar matata a kan bututu kafin ya isa injin.

Haka nan ba kowane kayan girki ne ke shiga ba. Akushi, da muciya, da ludayi, da ƙwarya kan tsage saboda zafi, tukunyar alminiyam kuma ta dushe ta yi baƙi.

Haɗarin gobara

Injin da ya haɗa ruwa da wuta da zafi ba abin sakaci ba ne. A 2010, kamfanin Maytag ya janye injina kimanin miliyan 1.7 a Amurka saboda fargabar cewa hitarsu na iya haddasa gobara.

Hukumomin kashe gobara a Birtaniya na gargaɗin kada a bar injin yana aiki a tafi barci, ko a fita daga gida. Idan aka ji ƙaurin waya, a kashe wutar nan take.

A riƙa jera wuƙaƙe tsininsu na kallon ƙasa, a kuma ajiye sabulun inda yara ba za su kai ba, domin yana ƙona baki da maƙogwaro.

Gyara ko sabo?

Wata ƙa'ida da aka saba bi ita ce, idan injin ya haura shekara bakwai ko takwas, kuma kuɗin gyaran ya wuce rabin farashin sabo, to sayen sabon ya fi.

Famfon fitar da ruwa, da robar ƙofa, da farfela, da tiyo duk masu araha ne. Babban famfo da allon lantarki su ne ke da tsada. Idan kuma jikin injin ne ya yi tsatsa har ya huje, to ya gama aiki.

A da, rashin kayan gyara ne ke tilasta wa mutane jefar da injin da ke da sauran kwana. Daga 1 ga watan Maris na 2021, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni su tanadi manyan sassa kamar famfo da hita na tsawon shekara bakwai bayan sun daina sayar da samfurin.

Ƙananan sassa kamar farfela, da matata, da robar ƙofa kuwa, shekara 10 dokar ta ce, kuma dole a sayar wa kowa, ba masu gyara kaɗai ba. Birtaniya ta kafa makamanciyar dokar a watan Yuli na 2021.

A Faransa, a watan Nuwamba na 2022 aka sa injin wanke kwanuka cikin kayan da dole a nuna musu maki, daga cikin 10, kan sauƙin gyaransu tun a shago.

Waɗannan dokoki ba sa aiki a Afirka, amma suna da amfani ga mai saye: samfurin da aka ƙera wa kasuwar Turai bayan 2021 ya fi yiwuwa a samu kayan gyaransa.

Don haka, kafin a biya kuɗi, ya dace a tambayi mai shago ko akwai wanda ya iya gyaran samfurin a garin, da kuma inda ake samun gishirinsa da sabulunsa.